Malama Kife da 'Yata Mai Danna Takarda

Ƙarfe bakwai saura kwata take shiga makarantar, tun mai shara bai gama da baranda ba. Maigadi ya ce tunda ya kama aiki a ƙofar nan bai taɓa buɗe wa wani malami kafin ita ba. Ɗakinta shi ne na ƙarshe a jerin azuzuwan, kusa da famfo, mai taga biyu da wani kabad na ƙarfe da sai an tokare shi da gwiwa yake rufuwa. A cikin kabad ɗin akwai kwamfutocin hannu talatin da biyu, su ke nan na yara sama da ɗari huɗu. Takan fito da su ɗaya bayan ɗaya, ta goge sikirin da ƙyalle, ta duba abin da aka buɗe a kowace jiya, ta jona waɗanda cajinsu ya yi ƙasa. Sannan ta ɗauko wani tsohon agogo mai ƙararrawa ta girke shi a tsakiyar teburinta.

Agogon nan shi ne abin tsoron yara. In aji ya shigo aka raba kwamfutoci, minti ashirin cif take ba su. Ƙararrawa na kaɗawa za ka ji muryarta har bakin famfo: "A kife!" Kowa ya kifa kwamfutarsa a kan tebur, ya ɗaga kai ya kalli waje ta taga, sannan ta nuna yaro ta ce ya faɗi abin da ya gani da bakinsa, ko ya rubuta a littafi. Wanda ya kasa, a nan take gane cewa kallo kawai ya yi. Daga nan yara suka laƙaba mata Malama Kife, har iyaye suka ɗauka, har ita ma ta daina ɓata rai tana amsawa.

Shekara talatin da ɗaya tana koyarwa a firamare, goma sha ɗaya na ƙarshe a wannan ɗakin. Ƙarshen zangon nan za ta ajiye aiki. Ni kuwa mai gyaran waya ne, shagona na kan titin da ke bayan makarantar, kuma bari in faɗa tun yanzu: ban taɓa haɗuwa da mutumin da ya ba ni ciwon kai kamar matar nan ba. Taurin kai gare ta na fitar hankali. Ba ta san a bi mutum a hankali ba, ba ta san wane ne wane ba. In ta kafe a kan abu, ka yi tsalle ka dire, ko gezau.

Ba ni kaɗai na sha ba. Maigadi ya ba ni labarin wani mai babbar mota da ya shigo yana kumfar baki don ta riƙe wayar da ɗansa ɗan aji biyu ya zo da ita a ɓoye. Ta ba shi kujerar yara, ƙarama, gwiwoyinsa har haɓa, ta ce su buɗe wayar tare ya ga abin da yaron ke kallo. Maigadi ya ce mutumin ya fito ko sallama bai yi masa ba, ya shiga mota ya yi kusan minti goma bai tayar ba. Wata maƙwabciyata mai ɗinki kuma ta ce wani da ba su sani ba ya riƙa yi wa ɗanta magana a cikin wasan waya, yana cewa ya turo masa hoton ƙofar gidansu. Yaron ya kifa wayar a kan tabarma ya ruga ya kira ta, don haka Malama ta koya musu: in baƙo ya yi maka magana a ciki, kife, kira babba. Matar ta ce ita da kanta ba ta ma san ana hira a cikin wasan ba.

To amma ni abin da ya haɗa ni da ita Auta ce, ƙaramar 'yata.

Auta na aji uku lokacin. In an tashi makaranta shagona take zuwa, don uwar yaran sai yamma take dawowa daga aiki. Tana da ɗan benci a ƙarƙashin kantar shagon, kusa da kwalin matattun batura. Na haɗa mata wata kwamfutar hannu daga guda biyu da masu su suka watsar, na sa mata manhajar aikin gida ta makarantarsu. Matsalar ita ce tambaya. Ina riƙe da ƙarfen narka dalma, idona a kan wata waya da ta fi gashi siriri, sai in ji, "Baba, wannan kalmar fa?" Na ƙona allon wayar wani saboda haka. Ranar na ce na gaji. Na shiga saitin kwamfutar na kunna mata muryar da ke karanta rubutu, na nuna mata maɓallin a kusurwar sama. Na nuna mata wanda za ta danna ta faɗi amsa da baki, ya rubuta mata. Minti biyu aikin ya ɗauke ni, har ina jin daɗin kaina.

Shago ya yi shiru, aikin gida ya koma goma bisa goma. Kai, na yi alfahari! Duk kwastoman da ya zauna sai na nuna masa. "Ka ga 'yar nan? Ƙwaƙwalwar ubanta ta ɗauko."

Sai ga takarda daga Malama Kife, wai tana son ganin mahaifi. Na tura uwar yaran. Malama ta dawo da ita, ta ce wanda ya saita kwamfutar take nema. Ina dalili! Na rufe shago da tsakar rana na tafi ina ƙunƙuni.

Ni ma kujerar yaran ta ba ni. Ta ajiye wa Auta kwamfuta, ta buɗe ɗan labari da tambayoyi biyar. Auta ta danna kusurwa, murya ta karanta, ta amsa duka biyar daidai. Na dubi Malama ina murmushi, wato ga shi nan, sai me?

"Kife, 'yata," in ji ta.

Auta ta kife. Malama ta zaro takarda daga aljihun tebur, labarin nan dai ne, kalma da kalma, ta shimfiɗa a gabanta. "Karanta mana layin farko."

Auta ta sunkuya. Ta dubi takardar, ta dube ni. Sai na ga babban yatsanta ya tafi a hankali zuwa kusurwar takardar ta sama, ta danna. Ta jira. Ta sake dannawa da ƙarfi, har farcenta ya yi fari. 'Yata mai shekara takwas tana danna takarda tana jira ta yi magana.

Da ina da hankali, a nan ya kamata jikina ya yi sanyi. Ina! Fushi ne ya taso mini.

"Baban Auta," in ji Malama, "yarinyar nan tana da kai, kunnenta ya fi na kowa a ajin. Amma ba ta iya karatu ba. Saura zango ɗaya. In ba ta karanta mini shafi guda a takarda ba, ba zan sa hannu ta wuce zuwa aji huɗu ba."

"Haba Malama! Goma bisa goma fa take ci."

"Kwamfutar ke ci."

"Ni za ki gaya wa kwamfuta? Shekara goma sha huɗu ina farke cikin waɗannan abubuwan. Duniya ta wuce takarda, ku ne kuka tsaya."

"Ka san cikinta, ban yi musu ba. Ni gabanta nake zama, inda yaro yake. Ban ce ka ƙwace mata ba, tana buƙatarta. Ka kashe muryar nan, ka zama kai ne muryar. Rabin awa a rana, ka ajiye duk abin da ke hannunka. Kai ka kunna, kai za ka kashe."

Na fita na bar mata kujerarta a kwance. Na je wurin hedimasta, ya ce gwajin karatun aji uku a hannun Malama yake, in ba sa hannunta, shi ba ruwansa. Da yamma na shiga zauren iyaye na waya na zuba. Ashe jira ake yi. Wannan ya ce ta hana 'yarsa sa abin sauraro a kunne a aji, wancan ya ce ta aiko masa da takarda wai kada yaro ya shiga ɗakin kwana da waya, kamar ita ke biya masa haya. Muka haɗa takardar koke cewa ta tsufa, ba ta san zamani ba, a ɗauke ta daga ɗakin kwamfuta. Ni na rubuta ta da hannuna, sunana ne na farko a cikin arba'in da uku. An kira ta gaban hukumar makaranta ta tsaya ta amsa tambayoyi kamar mai laifi. Ba su cire ta ba, amma an rubuta mata gargaɗi, na farko a rayuwarta ta aiki.

Mu iyaye, wallahi, muna ban haushi. Mu ne muke miƙa wa yaro waya don ya bar mu mu sha iska, sannan mu dawo muna kuka wai yaran zamani ba sa ji. Wayoyi nawa ake kawo mini da sikirin a fashe, a ce "yaron nan ne"? In na tambayi me yake kallo, sai a ce, "Oho, 'yan wasanninsu dai." Uba zai tsaya a kaina awa guda yana gadi kada in canja masa batir, amma bai taɓa zama minti biyar kusa da ɗansa ya leƙa abin da ke shiga idonsa ba. Ni da nake wannan faɗan na fi kowa laifi, don ni na san inda maɓallin yake.

A gida kuma sai na yi irin tamu ta masu fushi, na ƙwace kwamfutar gaba ɗaya na kulle a durowa. Auta ta yi kuka har ta shiɗe. Kwana uku bayan haka na kama ta a ƙarƙashin kanta da wayar kwastoma. Uwar yaran ta dube ni ta ce, "Malama ta ce ka kashe murya, kai ka kashe duka. Kai dai ba ka da tsakiya." Na mayar mata da kwamfutar, na kashe muryar, amma rabin awar nan ban ba ta ba. Na ce ina na ga lokaci.

Wata ranar Laraba da la'asar sai ga Malama Kife a ƙofar shagona, bayan duk abin da na yi mata. Ta miƙo mini wata tsohuwar wayarta mai maɓallai, wai lasifikar ba ta fita sosai. Ta zauna a bencin kwastomomi ta ɗora jaka a cinya. Na ce ta dawo gobe, ta ce za ta jira. Auta na ƙarƙashin kanta tana fama da aikin gida. Na buɗe wayar, wani ya kira ni na ɗauka, wani ya leƙo neman caja, na amsa saƙo biyu. Da na gama na miƙa mata.

"Sau bakwai," ta ce.

"Me?"

"Sau bakwai yarinyar nan ta ce Baba tunda na zauna. Na uku ka ce ‘ina zuwa’. Daga na bakwai ba ta ƙara ba." Ta leƙa ƙarƙashin kantar. Auta ta kifa kai a kan gwiwa, fensir na hannunta.

Na tuna lasifikar da na gyara, ƙura ce kawai, ashe Malama ma ta sani.

Daga ranar na fara. Ƙarfe huɗu in sauke ƙofar shago rabi, in cire ƙarfen dalma daga wuta, in kifa wayata kusa da kwamfutar Auta. Sakin layi ɗaya a sikirin, sai mu kife, ta karanta shi a takarda da yatsa a ƙarƙashin kalma. Kwastomomi na buga ƙofa suna cewa, "Mai gyara, kana ciki fa, muna ganin ƙafarka!" Ashe rabin awa tana da tsawo haka? Hannuna har ƙaiƙayi yake yi in wayata ta yi ƙara a kife. A nan na gane cewa ba Auta kaɗai ke buƙatar agogon Malama ba. Ita kuma Malama duk lokacin tara, wato hutun safe, takan ajiye Auta minti goma, su biyu, da katunan haruffa da ta yanka daga kwalin caja.

Sai dai na makara. Sati biyar na ɓata ina koke da fushi, shida suka rage.

Ranar gwaji na tsaya a bakin taga. Auta ta karanta layi tara, tana tuntuɓe tana tashi. A na goma ta tsaya, ta kasa gaba. Shafin layi ashirin da biyu ne. Na shiga na roƙi Malama, ni da na ce ba ta san zamani ba. Na ce ta dubi ƙoƙarin yarinyar, ta dubi ƙawayenta da za su wuce su bar ta. Na ce zan ci gaba da rabin awar har hutu, na rantse mata.

"Na ga ƙoƙarinta," ta ce. "In na tura ta aji huɗu da layi tara, can littattafai huɗu ke jiranta, za ta koma neman maɓalli. Ba zan sa hannu ba."

Kuma ba ta sa ba. Auta ta maimaita aji uku. Ranar da aka koma makaranta ta riƙe ƙarfen ƙofa tana kuka, tana kallon ƙawayenta suna shiga sabon aji, maigadi ne ya ɓamɓare yatsunta. Na yi shekara guda ba na gaida Malama. In na hango ta a titi sai in sunkuyar da kai cikin wayar da nake gyarawa. Ita kuwa ko a jikinta. Kullum da tara tana tare da Auta, kuma duk ƙarshen mako sai ta aiko da 'yar takarda a jakar yarinyar: "Baban Auta, layi goma sha shida yau. A ci gaba." Kai, matar nan! Ko fushi ba ta bari mutum ya yi cikin kwanciyar hankali.

Malama, ke ce kika ƙi yi mana ƙaryar da muke so. Sa hannu ɗaya ne, da kin huta da ni, da kin huta da mutum arba'in da uku. Ke ce kika yarda a tsane ki, ba ki yarda a tura yarinya gaba da makanta ba. Ba ki taɓa cewa na'ura mugun abu ba ce. Ke ce ma kika koya wa ɗaruruwan yara yadda ake neman abu a cikinta, da yadda ake gane ƙarya, da lokacin da ake ajiye ta. Uwar masu kifewa, mai agogo ba sani ba sabo, sannu da aiki.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda za ta tafi. Na ji wai taron minti arba'in za a yi mata a ɗakin malamai. Takardar gargaɗin nan tana nan a fayil ɗinta. Tun ba ta fita ba wasu iyaye sun fara cewa in sabon malami ya zo sai a sassauta, a bar yara su more. A sassauta me? Jama'a, ba sai kun jira makaranta ba. Ku zauna kusa da yaro ku ga abin da yake gani. Ku sa masa lokaci, in ya cika ku ce ya kife ya gaya muku abin da ya koya, ku ma ku kifa taku ku saurare shi. Waya ta kwana a falo, kada ta zo wurin cin abinci. Malamai matasa kuma, ku je ku zauna a ɗakin nan na kusa da famfo kafin zangon ya ƙare, ku ga yadda ake yi. Ba ta da daɗin sha'ani, na gaya muku, amma ku je.

Auta na aji biyar yanzu. A takarda na rubuta wannan, a kan kantar shago, tsakanin kwastoma da kwastoma. Idona ya gaji da ƙananan kusoshi, rubutuna kuma sai a hankali, don haka da na kawo nan na ba ta na ce ta karanta mini in ji yadda ya fita. Ta tsaya a tsakiyar shago ta karanta tun daga maigadi har ƙasa, ba ta tsaya ba sai inda na yi kwaɓa da biro. Da ta zo wurin danna takarda ta yi dariya, ni na kasa. Da ta gama ta juya shafin ta duba bayansa.

"Baba, saura."

"Babu saura. Na gode mata, ai kin karanta."

"Ka ce mata sannu da aiki. Ina wurin da ka ba ta haƙuri? Kai fa ka rubuta takardar da aka yi mata gargaɗi."

Na ce ai jinjina ce, ba a sa irin wannan. Ta ajiye mini takardar a gabana, ta ɗora biro a kai, ta tsaya.

To, Malama. Na gode da shekarar da kika karɓe wa 'yata, kika mayar mata da idonta. Jibi zan je wurin hedimasta in ce da bakina ƙarya na rubuta, a cire gargaɗin nan, ko sauran arba'in da biyun sun biyo ni ko ba su biyo ba. Na zalunce ki, kuma na daɗe da sani. Don Allah ki yafe mini.